Wadda Ta Shuka Kaɗanyar Aƙiƙ

Ku 'ya'yana da jikokina, da ku 'ya'yan Yaya Hansai, waɗanda ku ma nawa ne, ku ba ni kunnuwanku. Ni ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, amma Allah bai hana ni baki ba, kuma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Na sa an rubuta wannan ne saboda maganar da nake ji tana yawo a gidajen biki na nan Madina, daga unguwar Ƙurban har Aƙiƙ, wai ni da yayata mun ƙare zamanmu ba ma ga maciji a kan ƙwallon itace, wai kuma ni na tura ta ta yi abin da ya zama ajalinta. Duk wanda ya fara faɗin haka bai san Hansai ba. Ba a taɓa haihuwar wanda zai sa matar nan abin da ba ta yi niyya ba. Mijinta ma, Allah ya jiƙansa, ya gwada ya haƙura.

Sai na koma da ku baya kaɗan kafin ku gane. A ƙauyenmu, can ƙasar Zazzau, bayan ɗakin Innarmu akwai wata kaɗanya, itacen da ake yin man kaɗe da ƙwallonsa, wannan man da nake shafa muku a ƙirji in kuna tari kuna toshe hanci. Ƙatuwa ce, mutum biyu ba sa rungume ta. Idan damina ta zauna 'ya'yanta suka nuna, ba a hawanta, ba a dukanta da sanda, abin da ya faɗo da kansa shi ake tsinta. Kuma ba mu kaɗai ke jiranta ba. Da sassafe tsirya ce, wasu korayen tsuntsaye masu dogon wutsiya, surutu kamar matan da suka haɗu a bakin rijiya. Hantsi ya yi, hasbiya ta karɓa. Kurege yana ƙasa yana gudu da rabonsa a kumatu. Rana ta yi ja kuwa, sai jemagu su taso, su rufe bishiyar har reshe ya riƙa rinjaya. Ni ina ƙarama haushinsu nake ji, ina jifansu da hoge, Inna ta riƙe mini hannu.

"Ke Dije, bar su su ci. Su ne manomanta."

Gaskiyarta. A wajenmu mutum ba ya shuka kaɗanya. Jemage ne ke tsotse naman ya yar da ƙwallon a wani wuri, kurege ya binne nasa ya manta, shi ke nan itace ya tashi. Manya kuma suna cewa duk wanda ya binne ƙwarar kaɗanya da hannunsa, to, ba zai ga 'ya'yanta ba, ƙasa za ta karɓe shi kafin nan. Haka muka ji a bakin Inna, haka ita ma ta ji a bakin tata uwar.

Baba ya ɗauko mu biyu zuwa aikin Hajji, ni na fi tsayin turmi da kaɗan, Yaya Hansai kuwa ta fara zama budurwa. Inna tana da tsohon ciki, aka ce ta zauna ta haihu, baɗi ta biyo ayari. A gindin kaɗanyar nan ta tsaya ta raka mu da ido. Muka ratsa Chadi, muka zauna a Sudan Baba yana noman auduga a gonakin mutane, muka hau jirgin ruwa, muka iso birnin Manzo, Baba ya ce daga nan ba ya ƙara taku ɗaya. Baɗin Inna bai zo ba. Alhazai ne suka kawo mana labarin ta haifi namiji, Garba, wasu alhazan kuma bayan shekaru suka kawo labarin ta rasu. Tun daga nan Hansai ce uwata. Ita ta yi mini kitso, ita ta dake ni, ita ta kai ni ɗakin miji. Fuskar Inna ta daɗe da ɓace mini, na yi na yi in tuno ta na kasa. Amma kukan tsuntsayen bayan ɗakinta, in na rufe ido, ko yanzu ina jin sa.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar mijina, mahaifinku Malam. Kun san ya yi rayuwarsa yana aiki a gonar dabino ta wani Balarabe a Aƙiƙ, kuma muddin yana raye nakan bi shi in zauna a inuwa in ji motsin halittu. Da ya tafi, sai ɗana Auta ya ɗauke ni ya kai ni shaggarsa, wato gidansa na bene, a Ƙurban, hawa na uku, taga a rufe, labule a sake, mukayyif, injin sanyaya ɗaki, yana ta huci sanyi dare da rana. Ba na ƙorafi, an kula da ni, shayi ba ya yankewa. Amma gida ne da ba a jin komai a cikinsa sai injin. In na je Harami in ga tattabaru, dubbai, alhazai suna watsa musu alkama. Tattabara kuwa ta ƙoshi, ba ta da abin faɗa, sai gurnani.

Wata rana Talatu, 'yar ƙanenmu Garba, ta aiko mini da saƙon murya a jawwal, wato wayar hannu. Gaisuwa ce kawai, yaya jiki, yaya haƙuri. Amma a gona ta tsaya ta yi maganar, kuma a bayan muryarta sai na ji tsirya. Na sa aka maimaita mini. Aka sake maimaitawa. Har matar Auta ta koya mini inda zan danna da kaina, don ta gaji. Ba maganar Talatu nake saurare ba, Allah ya sani, na bayanta nake bi. Da na kira ta na tambaye ta kaɗanyar Inna, sai ta ce:

"Gwaggo, ai an daɗe da sare ta. Masu gawayi suka saye ta. Yanzu jemagun ma ba sa zuwa unguwar. Amma akwai 'yarta a bakin rafi, Baba ya ce daga ita ta fito."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ajiye jawwal, na tashi na wanke kofunan da ba su da datti. Kafin in gama na yanke shawara. Na sha ji a bakin malaman Harami cewa duk abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar mutum, sadaka ce a gare shi. Inna ba ta zo Madina ba, ban san kabarinta ba, ban taɓa zuba mata ruwa a buta ba. To, zan kawo jikar bishiyarta garin da ta yi niyya ba ta iso ba, tsuntsayen Madina su ci, ladan ya je mata.

Auta ya yi dariya har ya ajiye cokali.

"Ya ummi, esh hada, mene ne haka? Nan Hijaz ne fa. Itacen daji a wannan zafin? Kuma tsuntsayen da kike faɗa babu su a nan."

"Wanda ke nan ya ci. Na ce maka sai mai takardar ƙauyenmu?"

"Tayyib, tayyib. Shekara nawa take yi kafin ta haihu?"

"Kamar yaro ya girma ya yi aure."

Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya yi shiru, don yana da tarbiyya. Wadda ba ta yi shiru ba ita ce Yaya Hansai. A lokacin kullum bayan la'asar tana zuwa, gidanta ba nisa, mu sha shayi da na'ana'a mu ci naman mutane kaɗan mu yi istigfari. Da na gaya mata, sai ta dire finjalin.

"Ke yanzu da girmanki? Kin manta abin da Inna ta ce?"

"Yaya, camfi ne. Shekara nawa kina salla a Rauda, har yanzu kina tsoron ƙwallon itace?"

"Na san camfi ne. Amma camfin Inna ne. Na binne Baba, na binne mijina, na binne 'ya'ya biyu. Ke kaɗai kika rage da zan yi wa Hausar garinmu ki gane ba sai na fassara ba. Ba za ki tafi ki bar ni da waɗannan masu esh-esh ɗin ba."

Na ce ajali na Allah ne. Ta ce ita ma ba ta ce na kaɗanya ba ne. Muka bar ta a nan, kowa da abin da ke ransa.

Na kira Talatu na ce ta samo mini ƙwara daga 'yar bakin rafi, ta ba duk wanda zai zo Umra. Na jaddada mata, na ce mai kyau nake so, kada ta aiko mini da tarkace. Ba a jima ba wata mata ta kawo mini ƙunshi har gida. Ƙwara ce tubarkalla, manya-manya, jajaye, sumul, kowace tana sheƙi. Hansai tana zaune aka kwance. Ta ɗauki ɗaya, ta kai kunne, ta girgiza. Sai na ga fuskarta ta saki.

"To, Allah ya sa albarka. Shuka abinki."

Na yi mamakin saukowarta da wuri haka, amma murna ta hana ni tunani. Na sa Auta ya kawo mini ƙasa daga gonar da Malam ya yi aiki, na cika manyan gwangwanayen man girki, na jera su a baranda. Safe da yamma ina ba su ruwa. Har Zamzam na ɗiga musu. Wata ya wuce, wani ya bi shi, sanyi ya shigo ya fita, ko tsinke bai leƙo ba. Hansai kuwa kullum ta zo sai ta leƙa baranda ta ce, "Yaya 'ya'yan naki, sun fara haƙora?" ta zauna ta sha shayinta da daɗin rai. Da na gaji na tona ɗaya, sai na tarar da ita baƙa, ta ruɓe, tana warin tsohon mai. Na kira Talatu ina faɗa, na ce wace irin ƙwara ce ta aiko mini.

"Haba Gwaggo! Ai cewa kika yi mai kyau. Wallahi da hannuna na zaɓe ta, na dafa ta a babbar tukunya, na shanya ta a rana har sai da ta bushe tana ƙara. Ko a kasuwa ba za ki samu irinta ba. Man bai yi kyau ba ne?"

"Wane mai? Shukawa na yi!"

Ta yi salati, sannan ta fashe da dariya har tana tari, ina jin ta tana kiran maƙwabta su zo su ji. A wajen matan garinmu, ƙwara mai kyau ita ce dafaffiya busasshiya, wadda aka kashe don kada ta tsira ta ɓata mai. Wa zai kawo wa Talatu a rai cewa akwai mai shuka kaɗanya a duniya? Ita ta yi mini karamci iyakar saninta. Ni kuwa na bar gida ban kai shekarun tsayawa a kan tukunyar mai ba, ci kawai na sani. Amma akwai wadda ta kai. Sai girgizawar nan a kunne ta faɗo mini.

Da la'asar ta shigo, ban bari ta cire abaya ba.

"Yaya, kin san matacciya ce."

"Na sani. Mai rai ba ta ƙara. Cike take, da nauyi, shiru."

"Kika bar ni wata da watanni ina shayar da gawa, har da Zamzam?"

"Ya rage ki da wani abu? Kin samu abin yi, kin daina zama kina kallon bango, kuma ga ki da ranki. Ni hakan ya yi mini."

Na ce mata to bana zan sa a kawo mini mai rai. Ta ce ranar da mai rai ta shigo gidan nan, ita ta daina shigowa. Na ce ƙofa dai ba a kulle take ba. Ta juya ta sauka, ina jin sandarta a kan matakala, ƙwas, ƙwas, har ƙasa. Wannan shi ne faɗan da ake ba ku labari, kuma ban ɓoye ba, an yi shi. La'asar ta riƙa yi mini tsawo. Nakan haɗa shayi in ɗauko finjali biyu, in mayar da ɗaya.

Allah da ikonsa, a shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa ne cikin daminar gida, daidai lokacin da kaɗanya ke zubar da 'ya'ya. Wani maƙwabcin su Talatu ya samu kujera, kuma jirginsu Madina zai fara sauka. Wannan karon na yi mata bayani dalla-dalla kamar mai koya wa amarya tuwo. Wadda ta faɗo a daren jiya za ta tsinta, ta cire naman, kada ta ga wuta, kada ta ga rana, ta naɗe ta a ɗanyen ganye da jiƙaƙƙen tsumma irin ɗaurin goro, ranar tafiya ta damƙa masa. Auta ya je masaukin alhazai kusa da Harami ya karɓo. Da na kwance tsumman, ƙanshin da ya bugi hancina, ƙasa jiƙaƙƙiya da ruɓaɓɓen ganye, sai da na zauna a ƙasa. Na ɗauki ɗaya na girgiza a kunne. Shiru.

Daga nan wahalar ta fara. Ƙwara mai rai ba ta son bushewa, ba ta son sanyi, ruwa ya yi yawa kuma ta ruɓe. Matar Auta, da kyakkyawar niyya, ta ce a sa a tallaja, wato firji, tare da tumatir, na ce ko kusa, abin da ya fito daga damina ba ya kwana da ƙanƙara. Na samo wata tsohuwar randar ƙasa, na zuba yashi mai danshi, na jera su a kwance a ciki, na rufe da buhu jiƙaƙƙe, na ajiye a ɗakina. Sai na lura iskar mukayyif tana busar da buhun kafin azahar. Na kashe shi. A tsakiyar zafin Madina, wanda kun san shi, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa. Jikokina suka daina shigowa ɗakin, suna tsayawa a bakin ƙofa suna cewa Sitti, wato ni kakarsu, ta mayar da ɗakinta gidan burodi. Auta ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ce zai kai ni mustashfa, wato asibiti, in na faɗi. Na ce in na faɗi ya fara yayyafa wa randa ruwa tukuna. Ina zaune da mafici da tsumma a wuya, ƙuraje sun feso mini a baya, kullum da safe ina tona yashi da yatsa a hankali. Da yawa suka yi fumfuna na zubar. Wasu suka yi baƙi. Har na fara cewa a raina ko dai Hansai ta yi mini addu'a ne. Sai wata safiya na ga ɗaya ta tsage, wani farin abu kamar haƙorin jariri ya leƙo. Bayanta wasu 'yan kaɗan suka biyo.

Ɗan mai gonar Aƙiƙ ya san Malam tun yana yaro, a kafaɗarsa ya girma. Da Auta ya yi masa magana, ya ce Hajiya ta zaɓi duk kusurwar da take so. Na zaɓi can ƙarshe, kusa da hanyar ruwa, inda inuwar dabino ke kaiwa da rana tsaka. Muka fita bayan sallar asuba, ni da Auta, ƙwarar tana cikin kwano a cinyata. Ya haƙa 'yan ramuka marasa zurfi. Na yi bismilla, na buɗe kwanon, ina neman yadda zan durƙusa. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai na tsaya riƙe da kwanon. Na ce camfi ne, kuma camfi ne, amma muryar uwa ba ta fita daga kunne don an yi shekara sittin.

Sai muka ji tsayuwar mota a bakin gona. Taksi ne. Aka buɗe ƙofa, sanda ta fara fitowa, sannan baƙar abaya. Ashe matar Auta ta gaya wa 'yar Hansai, ita kuma ta gaya wa uwarta. Ta tako tsakanin dabinai tana haki, ba sallama, ba gaisuwa, ta miƙo hannu.

"Ba ni."

"Yaya, in kin zo zubarwa ne..."

"Na ce ba ni. Tun a jirgin ruwa kike da taurin kan nan, ba yau na san ki ba."

Auta ya ce, "Hala, don Allah," kamar yadda 'ya'yan nan ke kiran 'yar'uwar uwa. Ta ce masa ya rufe mata baki, ba da shi take ba. Ta fizge kwanon. Na ɗauka hanyar ruwa za ta watsa su, har na ɗaga hannu. Sai na ga ta jefar da sanda, ta dafa kafaɗar Auta, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata da ko sujada sun daɗe ba su yi ba, a kujera take salla. Ta ɗauki ƙwara, ta shafa ta da babban yatsa ta nemo tsiron, ta kwantar da ita a gefe, farin ya dubi ƙasa, ta ja ƙasa kaɗan ta rufe. Ta ja jiki zuwa rami na gaba. Na ce Yaya me kike yi, bar mini, nawa ne. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni ce babba. A gidanmu babba ke fara shiga, ƙarami ya biyo baya. In akwai wani abu a cikin maganar Inna, ni zai samu, dama na kusa. In babu, to babu. Ke dai hannunki bai taɓa ba."

Ta binne su duka, ta daddanna da tafin hannu, ta karkaɗe. Sannan ta dube mu.

"To, kun tsaya kuna kallona kamar shanu? Ku ɗaga ni, gwiwar ta ƙi."

Mu biyu muka ɗaga ta da ƙyar, tana zagin Auta wai ya ci shinkafar banza ba ƙarfi. A mota ta ce mini na rame, na yi baƙi, kuma ta ji labarin haukan mukayyif, in kunna shi yau ɗin nan don ita ba za ta sha shayi a gidan burodi ba. Da la'asar ta zo. Wannan shi ne turawar da aka ce na yi mata.

Ciwon suga da na ƙoda kuwa, ku 'ya'yanta kun fi kowa sani, ta fi shekara goma tana fama da su kafin a kawo ƙwallo ko ɗaya garin nan. Bayan shukar da 'yan watanni jikin ya tsananta, idonta ya rufe kusan duka, ta kwanta. Ni na koma mai zuwa wurinta da la'asar. A gona kuma shiru. Ƙasa kamar ba a taɓa sa mata komai ba. Zafi ya karye, iska ta fara sanyi, shiru. Auta ya ga ina ramewa, ya ce bari ya tona ɗaya mu gani, in sun mutu mu haƙura. A gaban gadon Hansai ya faɗa. Matar da ke magana da ƙyar sai ga ta ta ɗago kai.

"Ka taɓa ƙasar nan ban yafe ba. Kaɗanya ƙasa take fara tafiya. Sai ta nutsa, ta kama can ciki inda wutar daji ba ta kaiwa, sannan ta waiwayo sama. Ni na sha tone su a bayan ɗakin Inna ina yarinya, na sha duka a kai. Ku ba ta lokacinta."

Muka ba ta. Kowace Alhamis Auta ya kai ni in duba in dawo, ta ji shigowata ta ce, "Yaya ake ciki?" in ce, "Tukuna." Ta ce, "Tana tafiya."

Wata Alhamis na je, na sunkuya a kan ramukan kamar kullum, sai ga shi a na ƙarshe, ɗan tsiro bai kai yatsa ba, da 'yan ganye a kansa. Ɗaya tak, sauran ba su taɓa fitowa ba. Auta ya ɗauki hoto, amma me hoto zai yi wa wadda ba ta gani? Ya ce mu tsinko mata ganye ɗaya ta taɓa. Na ce Yaya za ta kashe mu. Hannu wofi na tafi. Na zauna a bakin gadonta, na kama hannunta, na ce Yaya ta fito.

"Ciyawa kika gani. Ke ba ki san kaɗanya ƙarama ba. Wane launi ne ganyen?"

"Ja. Ja kamar tafin da aka cire wa lalle."

"Gefensa fa?"

"Ba a miƙe yake ba. Yana da 'yar tattara, kamar bakin zane."

Ta matse mini hannu da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Hawaye ya gangaro daga idon nan da ba ya gani, ya shiga kunnenta, na share mata da gefen mayafina.

"Ita ce, Dije. Ita ce. Bari in na je sai in gaya wa Inna."

Ba ta kai azumi ba. Tana maƙabartar Baƙi'a, kusa da inda aka sa Baba, a dai yadda maza suka gaya mini.

To, ga yadda aka yi, kuma duk wanda ya ƙara ko ya rage, ku ce masa ni Dije na ce ƙarya yake. Itacen yanzu ya kawo mini ƙugu. Ba ya sauri, zafin bara ya ƙone masa rabin ganye, ya sake fitar da wasu. Ni na san ba zan ci 'ya'yansa ba, ba don camfi ba, don na iya lissafin furfurata. Har yanzu Auta yana kai ni ranar Alhamis, ya shimfiɗa mini darduma, ya koma mota yana danna jawwal, ni kuma in zauna in kasa kunne. Kwanan baya wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai, irin na cikin dabino, ya sauko ya dira a kansa, reshen ya lanƙwasa har ya kusa taɓa ƙasa. Ya leƙa nan, ya leƙa can, bai samu komai ba. Na ce masa ya yi haƙuri, ba a gama girki ba, ya je ya dawo, ya gaya wa 'ya'yansa wurin. Ya karkata kai ya dube ni, ya yi wata 'yar ƙara, ya tashi. Haifaffen Madina ne. Na san ya ji Hausar, da Larabci ya amsa.